Wace manhaja ce ta cancanci zama a waya da kwamfuta, wace ce kuma cin wuri kawai?

Abu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya da daddare na zauna na ƙirga manhajojin da ke wayata, sai na tarar 94 ne. Waɗanda na buɗe a makon nan kuwa ba su kai 15 ba. Ga wayar kullum cikin kukan wuri ya cika, ko hoto zan ɗauka sai na goge wani abu tukuna. A gefe guda kuma yayana ya bar mini tsohuwar laftof ɗinsa, an wanke ta tas, babu komai a ciki sai Windows. Na yi niyyar in share wayar in yi sabon zubi, ita ma laftof ɗin in zuba mata abin da ya dace tun daga farko. Don Allah kowa ya faɗa mini manhajar da ya jarraba da hannunsa ya ga amfaninta, ba wadda ya ji ana yabo ba. Na fi son ta kyauta wadda ba ta damun mutum da talla.

Injiniya_77:
Wa alaikumus salam. A kwamfuta fara da uku: VLC na kallo da sauraro, 7-Zip na buɗe fayilolin da aka matse, da LibreOffice na rubutu da lissafi. Dukansu kyauta ne, babu talla ko ɗaya, kuma ba yau aka fara su ba. VLC aikin ɗalibai ne a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, an sake shi ga jama'a a 2001, har yau kuma ƙungiyar VideoLAN ce ke riƙe da shi. Da wuya ka ba shi bidiyo ya ce bai san irinsa ba. 7-Zip kuma tun 1999 Igor Pavlov ya fito da shi, ƙarami ne ƙwarai, kana ma iya kulle fayil da kalmar sirri da shi.

Zinariya:
VLC kam na shaida. Akwai shi a waya ma. Abin da ya sa na riƙe shi, ina iya rage saurin magana idan ina sauraren karatu, in kuma ƙara idan mai maganar yana jan rai.

Tauraro_9:
Malam Abu_Hanan, tunda matsalarka wuri ne da nauyin waya, nemi ɗaya daga cikin manhajojin nan masu share datti da sanyaya waya. Ni kullum da safe nake danna tawa, sai ta nuna ta ƙwato wuri mai yawa, wayar ta yi sakayau.

MaiGyaranWaya:
@Tauraro_9 ɗan'uwa ka yi haƙuri, a nan ba zan bi ka ba. Shekaruna da yawa ina buɗe wayoyin mutane, kuma irin waɗannan manhajojin su ne na farko da nake cirewa. Ga dalili. Android da kansa yake tsara abin da zai bari a buɗe da abin da zai rufe. Idan manhajar nan ta kashe komai da ƙarfi, bayan ɗan lokaci sai su sake tashi, tashin nan kuwa ya fi cin batir a kan a bar su kwance. Wurin da take cewa ta ƙwato, yawancinsa ajiyar wucin gadi ce da manhajoji ke yi don kada su sake sauke abu ɗaya sau biyu. Ka goge yau, gobe su sake saukewa da datarka. Batun sanyaya waya kuwa, babu manhajar da ke hura iska. Zafi daga aiki yake zuwa, ita kuma ƙarin aiki ce.

A watan Fabrairun 2020 ma Google ya kori ɗaruruwan manhajoji daga Play Store saboda tallan da ke faɗo wa mutum ba shiri, cikinsu har da na kamfanin da ya yi Clean Master, ɗaya daga cikin irin waɗannan manhajojin share datti.

Wanda ke son wuri ya saka Files by Google. Zai nuna maka manyan fayiloli da hotunan da suka maimaitu, kai za ka zaɓa ka goge. Sannan ka shiga WhatsApp, ɓangaren ajiya da data, ka duba bidiyon guruf. Mafi yawan wayoyin da ake kawo mini a can ɓarnar take.

Tauraro_9:
To ai ni ina ganin bambanci idan na danna.

MaiGyaranWaya:
Za ka gani na minti kaɗan. Cire ta na mako ɗaya ka lura da yadda cajinka ke kai wa yamma, sai ka dawo ka ba mu labari.

Abu_Hanan:
@MaiGyaranWaya Allah ya saka da alheri. Yanzu na duba, guruf ɗaya kaɗai ya tara mini sama da gigabait 6. Na kashe saukar bidiyo da kansa.

MalamarLissafi:
Ina so in yi ƙarin bayani kan LibreOffice da Injiniya ya ambata, don da shi nake aiki kullum. Da Calc nake haɗa makin ɗalibai, da Writer nake buga jarrabawa, ban taɓa rasa abin da nake nema ba. Amma a faɗi gaskiya, idan za ka tura wa mai Word takarda, wani lokaci tebur yakan goce ko shafi ya ƙaru, musamman idan salon harafin da ka yi amfani da shi babu a kwamfutarsa. Dabarata biyu ce. Takardar da karantawa kawai za a yi, PDF nake mayar da ita kafin in tura, maɓallin yana nan a sama. Wadda kuma za a gyara, sai in ajiye ta a docx maimakon odt da yake zaɓa da kansa. Kana iya saita shi ya riƙa ajiyewa a docx ɗin koyaushe.

Injiniya_77:
Gaskiyarki Malama. Na manta ban faɗi wannan ba.

Sarkin_Yawo:
Wai me ya sa za mu wahalar da kanmu? Ai ana samun Office cikakke wanda aka fasa, a saka maka shi har da Photoshop, kyauta.

Marubuciya:
@Sarkin_Yawo don girman Allah kada ka ba shi wannan shawarar. Ni abin ya faru a kaina. Na sauko da wata manhajar gyaran hoto da aka fasa daga wani shafi, umarnin farko da suka bayar shi ne in kashe rigakafin kwamfutar kafin in saka. Na kashe. Kwana uku bayan nan na kunna kwamfuta na tarar duk fayilolina sun canza suna, an liƙa musu wasu haruffa a ƙarshe, babu wanda ke buɗuwa. A kowace jaka akwai 'yar takarda da ke cewa in biya kuɗi kafin a buɗe mini. Rubutun da na shafe wata takwas ina yi yana ciki. Abin da na tsira da shi kawai babi huɗu ne da na taɓa tura wa ƙawata ta imel. Na yi kuka ranar ba kaɗan ba. Duk wanda ya ce ka kashe mai gadinka kafin ya shigo gidanka, ka san abin da ya zo yi.

Yanzu GIMP nake amfani da shi wajen hoto, Inkscape wajen zane. Sai da na sha koyo, don maɓallansu ba a inda na saba suke ba, amma ina barci da kwanciyar hankali.

Ummu_Sadiq:
Innalillahi. Allah ya mayar miki da alheri 'yar'uwa. To wane rigakafi ya kamata mutum ya saka?

Injiniya_77:
@Ummu_Sadiq Hajiya, Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu, Microsoft Defender. Ga mai amfani na yau da kullum ya wadatar, matuƙar ana barin kwamfutar tana sabunta kanta kuma ba a kashe shi ba. Kada a saka biyu a lokaci ɗaya, faɗa suke yi da juna, kwamfutar ta yi nauyi.

Wannan ma ya tuna mini. Malam Abu_Hanan, wane Windows ne a laftof ɗin? Domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, sai dai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma yana da sharuɗɗa, ciki har da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0, tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika su ba.

Abu_Hanan:
10 ne. Na duba kuma ta ce ba za ta iya ɗaukar 11 ba. Kenan jefar da ita zan yi?

Pingwin_22:
Ina! Kada ka jefar. Saka mata Linux Mint, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ke maye gurbin Windows. Fuskarsa ta yi kama da ta Windows, ga maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, kuma yana zuwa da Firefox da LibreOffice a ciki. Abin da ya fi burge ni, za ka iya ɗora shi a filash ka kunna kwamfutar daga filash ɗin, ka gwada sauti da wayfai da komai, ba tare da ka taɓa Windows ɗinka ba. Ya yi maka, ka saka. Bai yi ba, ka zare filash, komai na nan yadda ka bar shi. Akwai nau'in Xfce da ya fi sauƙi ga kwamfuta mai rauni. Tawa ta haura shekara goma, har yanzu da ita nake aiki.

MaiGyaranWaya:
Linux yana da kyau, amma a gaya masa ɗaya gefen. Manhajojin Adobe da Office na kwamfuta ba sa aiki a kansa kai tsaye, wasu na'urorin buga takarda ma sai an sha fama. Idan aikinsa rubutu ne da intanet da kallo, ba shi da matsala. Ni dai abin da zan ƙara, in faifan ajiyar laftof ɗin tsohon nan ne mai juyawa, a musanya shi da SSD, wato sabon nau'in ma'ajiya mara juyawa. Babu manhajar da za ta ba ta saurin da wannan canjin zai ba ta.

Dattijo55:
'Ya'yana, ina biye da ku tun ɗazu. Ni matsalata ba wuri ba ce, kalmomin sirri ne. Kowane shafi sai ya ce in ƙirƙiro sabuwa, da babban harafi da lamba da alama. Na gaji na mayar da su duka guda ɗaya. Jikana ya ce hakan kuskure ne, amma bai tsaya ya yi mini bayani ba.

Injiniya_77:
Baba, jikanka ya yi gaskiya. Haɗarin shi ne, idan aka yi wa shafi ɗaya kutse aka kwashe kalmomin mutane, ɓarayin sukan ɗauki imel ɗinka da kalmar nan su bi sauran shafuka suna gwadawa. Makulli ɗaya ya buɗe duk ƙofofi kenan. Maganin shi ne manhajar adana kalmomin sirri, irin su Bitwarden. Kalma ɗaya doguwa za ka haddace, ita kuma ta ƙirƙira maka sauran ta adana, ta kuma cike maka su da kanta a waya da kwamfuta. Wanda ba ya son ajiyarsa ta hau intanet akwai KeePassXC, shi a fayil ɗaya yake kulle komai a cikin kwamfutarka.

Dattijo55:
To idan na manta ita babbar fa?

Injiniya_77:
Nan ne wurin taka-tsantsan, ranka ya daɗe. Su kansu masu manhajar ba su san ta ba, ba za su iya turo maka ita ba. Rubuta ta a takarda da hannunka, ka ajiye inda kake ajiye muhimman takardunka.

Gimbiya_A:
Baba ka haɗa da tabbatarwa mai mataki biyu, musamman a imel da WhatsApp. Na WhatsApp lamba shida ce kawai za ka zaɓa. Kuma duk wanda ya kira ka ya ce an turo maka wasu lambobi bisa kuskure ka karanto masa, kashe wayarka. Da haka aka ƙwace wa ƙanwar mahaifiyata lambarta, aka bi mutanenta ana roƙon kuɗi da sunanta. Sai da muka kwana biyu muna kiran dangi ɗaya bayan ɗaya muna cewa ba ita ba ce.

Dattijo55:
Allah ya yi muku albarka. Zan sa yaron ya zauna da ni mu yi.

Sarkin_Yawo:
Na karɓi gyara kan maganar ɗazu, @Marubuciya ki yafe ni. Bari in kawo wadda na sani da kyau, don ni matafiyi ne. Organic Maps. Kana sauke taswirar yankin da za ka tun kana da intanet, daga nan ko babu sabis sam za ta nuna maka inda kake da hanyar da za ka bi, domin GPS ba ya buƙatar data. Bayananta daga OpenStreetMap suke, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. Saboda haka wani wurin za ka same shi dalla-dalla har da ƙananan hanyoyin ƙafa, wani wurin kuma da saura. Google Maps ma yana bari a sauke yanki, ni duka biyun nake riƙewa.

Ɗalibin_Likita:
Tunda an shigo batun aiki ba intanet, akwai Kiwix. Da ita ake sauke Wikipedia gaba ɗaya ko wani sashe nata, misali na likitanci kaɗai, ka riƙa karantawa ba data. Ka dai duba girman fayil kafin ka fara, ta Turanci mai hotuna tana da girma sosai.

Amma wadda ta canza mini karatu ita ce Anki. Katuna kake yi, tambaya a gaba amsa a baya. Idan ka amsa daidai sai ta jinkirta katin zuwa kwanaki, ka sake ci ta ƙara nisa, ka faɗi ta dawo maka da shi kusa. Wato tana kawo maka abu daf da lokacin da za ka manta shi. Sunayen jijiyoyi da magunguna da suka gagare ni a shekarar farko da ita na riƙe su. Sharaɗinta ɗaya, kullum sai ka buɗe. Ka yi mako ba ka duba ba, katuna su taru su yi maka tsibi. Ta kwamfuta da AnkiDroid ta Android kyauta ne, ta iPhone ce ake saye.

MalamarLissafi:
@Ɗalibin_Likita za ta yi wa yara 'yan sakandare?

Ɗalibin_Likita:
Za ta yi Malama, musamman ga abin haddacewa. Sai dai su yi katunan da kansu, rabin amfanin a wurin rubutawar yake. Lissafi kuwa ba ta maye gurbin zama a warware tambaya da biro.

Marubuciya:
Ba komai @Sarkin_Yawo, ya wuce. Ni roƙona ga kowa a nan, mu gyara rubutunmu. A Gboard, wato allon rubutu na waya, za ka iya ƙara Hausa a cikin harsuna, ka samu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. A kwamfuta kuma akwai Keyman. Bambancin "kasa" da "ƙasa", ko "bari" da "ɓari", ba ƙarami ba ne, kuma yanzu ba mu da uzuri.

Zinariya:
Wallahi ban san da wannan ba. Ga shi na saita: ƙ ɗ ɓ. Na gode Anti.

Tauraro_9:
Ni tambayata kan tura fayil daga waya zuwa kwamfuta. Wadda nake amfani da ita talla ta yi mata yawa, wani tallan ma ba ka so yaro ya gani.

Pingwin_22:
LocalSend. Ka saka ta a duka biyun, su hau wayfai ɗaya ko ka kunna hotspot na wayar, shi kenan za su ga juna. Ba ta cin data, ba rajista, ba talla, kuma tana aiki tsakanin Android da iPhone da Windows da Linux da Mac. Tallan shafuka kuma, saka Firefox ka ƙara masa uBlock Origin. Ko a wayar Android yana karɓa. Shafi ya fi saurin buɗewa, data ma ta fi auki.

Ummu_Sadiq:
Ni fa duk abin da kuka lissafa, wanda ya fi taɓa ni labarin Marubuciya ne. Hotunan yarana tun suna jarirai a katin memori suke, rana ɗaya ya daina karantuwa. Na kai an gwada, wasu suka dawo, da yawa ba su dawo ba. Har yau idan na tuna hoton babban ranar da ya fara tafiya sai in ji wani iri. Don haka Malam Abu_Hanan, kafin ka share wayar nan ka tabbata ka kwafe komai, ka kuma buɗe kwafin ka gani da idonka.

MaiGyaranWaya:
Sannu Hajiya. Ga wanda hakan ta same shi nan gaba: da zarar ka goge abu bisa kuskure ko kati ya fara wasa, cire shi nan take, kada ka ƙara ɗaukar hoto ko ɗaya a kai. Abin da aka goge yana nan kwance har sai sabon abu ya hau kansa. Akwai PhotoRec, kyauta ce, takan tono da yawa daga kati ko filash. Amma in katin ya mutu ne gaba ɗaya, ba ta da abin yi.

Ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri daban. Misali waya, faifan waje, da intanet. A kula kuma, gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta raba shi ake tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma tun 1 ga Yunin 2021 hotunan da aka ɗora suna cin wurin. Yanzu ajiyar WhatsApp ta Android ma a ciki take. Idan ya cika, imel ma yakan daina shigowa, mutane da yawa ba su san haka ba.

Gimbiya_A:
Ba wanda ya ambaci Signal, manhajar tura saƙo irin WhatsApp. Ni na fi natsuwa da ita.

Injiniya_77:
Tana da kyau, gidauniya ce ke tafiyar da ita ba kamfanin talla ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa WhatsApp, Brian Acton, yana cikin waɗanda suka kafa gidauniyar a 2018. WhatsApp ma da tsarin ɓoye saƙo na Signal yake aiki tun 2016. Bambancin ya fi yawa a bayanan gefe da kowanne ke tarawa, kamar wa kake magana da shi da kuma yaushe. Matsalar dai ita ce mutanenka suna can?

Gimbiya_A:
Mu biyar ne kacal a tawa, amma su ne waɗanda na fi magana da su.

Abu_Hanan:
Jama'a na gode ƙwarai. Ga inda na kwana. Na kwafe hotuna zuwa laftof da LocalSend, na buɗe su na gani kamar yadda Hajiya ta ce, gobe zan nemo faifan waje. Ban share wayar gaba ɗaya ba, manhajojin na bi ɗaya bayan ɗaya ina cirewa, yanzu saura 31. Wajen bin ne na ci karo da wata manhajar tocila da na ba izinin ganin lambobin mutanena da wurin da nake, alhali wayar tana da tocilarta. Ku ma ku shiga saiti ku duba izinin da kuka bayar. Linux Mint kuma na sauke, amma laftof ɗin ta ƙi tashi daga filash, Windows take wucewa kai tsaye.

Pingwin_22:
Kwafe fayil ɗin kawai ka yi cikin filash, ko rubuta shi ka yi da manhaja? Kwafewa ba ta yi, sai da irin su Rufus ko balenaEtcher, kuma za su goge duk abin da ke filash ɗin, don haka kwashe kayanka tukuna. In ka riga ka yi hakan, to da ka danna maɓallin kunnawa ka riƙa danna F12, wasu kuma F9 ne ko Esc, ya danganta da kamfanin. Wace iri ce laftof ɗin?

Tauraro_9:
@MaiGyaranWaya na cire ta ɗazu. Zan dawo bayan mako ɗaya in sha Allah. Kafin nan, akwai mai sanin manhajar rage girman bidiyo a kwamfuta ba tare da hoton ya lalace ba?

Zinariya:
HandBrake nake ji ana faɗa, amma ban gwada ba. Wanda ya taɓa amfani da ita ya yi mana bayanin saitin.